Mayafin Balbela a Kan Rigar Hankaka

An yi wata Balbela da ke zaune gida ɗaya da Hankaka da Zabuwa a bakin wata fadama. Balbela fara ce, kuma ba ta bari kowa ya manta da hakan. Hankaka ɗan tsokana ne. Ita kuwa Zabuwa gaskiya take faɗa, sai dai takan faɗe ta sau uku a jere, shi ya sa ba mai sauraronta.

Igiyar shanya ɗaya ce a gidan, ga shi damina ce, rana ba ta da alkawari.

Wata rana aka gayyaci tsuntsaye sunan ɗan Jimina, bayan la'asar. Balbelu suka yanke shawarar fitowa da anko fari fat, kuma Balbelarmu ce za ta shige gaba ta miƙa barka. Farin mayafinta guda ne tak. Takan ce wai ba ta son tara tarkace ne.

Tun da hantsi ta duƙufa wanki. Ta cuɗa, ta ɗauraye sau bakwai, ta tsoma a bula, ta ɗaga ta duba, ta sake tsomawa. Kafin ta gama, an cika igiya. Zabuwa ta jera zannuwanta a gefe, Hankaka kuma ya baza babbar rigarsa a tsakiya, daidai inda rana ta fi duka. Rigar baƙa ce wuluk, ba ta daɗe da fitowa daga marina ba, wannan ne ma wankinta na farko.

Balbela ta tsaya da jiƙaƙƙen mayafi a baki, ta ajiye shi a ƙwarya, ta ce, "Malam Hankaka, a ɗan matsar mini da buhun gawayin nan."

"Ina kwana, Hajiya," in ji Hankaka. "Buhun gawayi ya riga ki zuwa, ranki ya daɗe."

Zabuwa ta sa baki, ta ce ai ga danga nan rana na dukanta, a shanya a kai, kafin azahar ya bushe. Ta faɗa, ta maimaita, ta ƙara. Balbela ta amsa mata da cewa danga wurin tsummoki ne da tabarmar da yara suka yi wa fitsari, mayafin da zai shige gaban taro bai san hanyar can ba.

Sai ta tashi fir, ta shimfiɗa mayafin a kan rigar Hankaka, ta daddanna shi da ƙafa don kada iska ta ɗauke.

Hankaka ya karkata kai ya duba. Wannan karon babu dariya a muryarsa. "Hajiya, rigar nan tana zuba."

Balbela ta san Hankaka. Ta ƙudura a ranta dabara ce kawai ta hana ta rana. "Ta zuba mana. Nawa ne a sama, naka a ƙasa. Ruwa ƙasa yake gangarawa, ko ba a koya muku wannan ba a makarantarku?"

Hujja ce mai kyau. Aibinta ɗaya, shuni bai yi karatu ba.

Ta tafi bin shanu kamun fara, hankalinta kwance. Da azahar ta dawo ta tarar mayafi ya bushe ƙayau. Ta ɗago shi. Duk inda ta sa ƙafa ta danna, shuni ya hau ya zauna, ɗigo-ɗigo daga wannan baki zuwa wancan, kamar da gangan aka tsara.

Aka shiga cacar baki. Balbela ta ce baƙin ciki ne, dama tun ranar da ta tare a gidan ake ƙyashin farinta. Hankaka ya juya rigarsa yana dubawa, ya ce in ana maganar ƙara shi ya kamata ya kai, tunda an ɗebe masa shuni ba a ko yi masa sallama ba. Zabuwa ta ce ai ta faɗa. Sau nawa ta faɗi hakan, ku ƙiyasta da kanku.

Balbela ta shafa ruwa a kan ɗigo ɗaya. Ɗigon ya faɗaɗa ya gaisa da maƙwabcinsa. Ta juya mayafin ta ɗaya fuskar, ta ga shunin ya riga ta isa can. Ana cikin haka aka kira la'asar. Ta yafa, ta ɗaga wuya, ta kama hanya.

A ƙofar gidan suna, tsohuwa Gauraka ce ke nuna wa baƙi wurin zama. Ta dubi mayafin, ba ta wahalar da kanta da duban fuska ba. "Dangin zabi, ga tabarmarku can gindin tsamiya."

Balbela ta waiga wajen 'yan uwanta. Suna jere fari fat, wata ta riga ta tsaya a gaba, kuma dukansu suka sami abin kallo a sararin sama.

Zabi kuwa suka karɓe ta hannu bibbiyu. Suka matsa mata wuri, suka turo mata kwanon waina, suna ta shafa mayafin suna yabon zane, wai ɗigon ya fi nasu girma da tsari. Wata ta tambaye ta a wace kasuwa ta saya.

Balbela ta gyara zama. "Ba a samunsa a kasuwa. Sai an ba da aiki."

"Ni nake yi," in ji Hankaka daga bayan tabarma, bakinsa cike da waina. "A dai kawo fari, kuma a kawo shi a jiƙe."

Darasin da ke cikin labarin nan shi ne, yara, in fari da baƙi suka haɗu a jiƙe, fari ne ke kwasar hali, don haka a raba musu wurin shanya. Sannan in an gargaɗe ku, ko da ɗan tsokana ne ya faɗa, ku duba tukuna kafin ku nuna masa kun fi shi karatu.