Gizo da Jinkar Rumbun Gwaggo Bushiya

Ga ta nan, ga ta nanku, 'yan jikokina.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

To, a gyara zama. Wata ranar Laraba, washegarin kasuwa, guguwa ta bi ta gidan Gwaggo Bushiya ta ɗauke jinkar rumbunta, ta bar geron da za ta ci shekara yana kallon sama. Ga damina ta ƙarato. Tsohuwa ce mai tsari, ko ludayinta yana da wurin zamansa. Nan da nan ta tuƙa tuwo, ta dama fura, za ta kira gayya a yi mata sabuwar jinka.

Sai ga Gizo ya biyo ƙamshi.

"Haba Gwaggo, gayyar me? Mai ƙafa takwas ai shi kaɗai gayya ne. Ba ni tuwon, ki je ki kwanta."

Ya cinye tuwon mutum goma, ya kora da fura, ya ce aiki sai gobe.

Da gari ya waye ta fito, sai ta tarar da shi kwance a gindin tsamiya, ya zuba wa sama ido.

"Kai Gizo, ina ciyawar?"

"Tunani nake, Gwaggo. In na fara yanko ciyawa, awaki su cinye kafin in tufka igiya. In na fara da igiya, gara ta cinye kafin in yanko ciyawa."

Bushiya ta riƙe baki. "Ikon Allah! To, da wanne za ka fara?"

"Tunanin da nake yi ke nan."

Bayan kwana biyu ta koma. Yana nan inda ta bar shi, sai dai ya juya ɗaya gefen.

"Ina igiyar?"

"Gwaggo, maganar ta fi yadda kike gani. Laujen ya dakushe. Dutsen washi yana bakin rafi. A rafin akwai Kada. In Kada ya cinye ni, wa zai yi miki jinka?"

"Innalillahi! Rafin da ya ƙafe tun kaka?"

"Ai Kada bai yi wa kowa sallama ba."

Ta koma gida tana tafa hannu, ƙayoyinta duk sun miƙe don takaici.

Ran nan da hantsi sai gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta fara kaɗawa da ƙamshin ƙasa. Bushiya ta fito a guje. Abin da ta gani ya sa ta ƙame a tsaye. Gizo ya ga hadari ya firgita, ya tashi zai yi komai lokaci guda: ƙafa ɗaya da lauje, ɗaya da rama, biyu da kara, sauran suna wawurar ciyawa. Ya juya nan, ya juya can, har ya ɗaure kansa tamau kamar akuyar da za a kai kasuwa.

"Gwaggo, ki cece ni! Aikin ya fi ƙarfina!"

"La'ilaha illallahu! Wannan ce gayyar da ta cinye mini tuwo?"

Ta leƙa rumbu, ta dubi hadari. Ba lokacin kuka ba ne. Ta sa haƙori ta tsinke ramar da ta ɗaure shi.

"Zubar da komai. Ɗauki lauje."

"Amma in awaki..."

"Ban tambaye ka awaki ba. Yanko dami ɗaya ka kawo."

Ya yanko. Ashe laujen ma da kaifinsa.

"Sake ɗaya." Ya sake. "Yanzu igiya. Kada ka dubi kara, lokacinsa bai yi ba."

Ya tufka igiya, sannan ya ɗaure kara ya yi tankar jinka, sannan ya yanta ciyawa, wato ya jera ta ya kitse da igiya. Duk lokacin da ya buɗe baki zai ce "amma", sai ta ce, "Gama na hannunka." Shi kansa Gizo mamaki ya kama shi: aikin da ya yi kwanaki yana tsoro, ga shi yana ƙarewa tun rana ba ta yi tsaka ba.

Sai dai sama ba ta jiran kowa. Suna cicciɓar jinkar, ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya. Kafin su kifa ta, dammunan geron da ke sama sun jiƙe sharkaf. Na ƙasa suka tsira, na sama kuwa cikin 'yan kwanaki suka yi tsiro, abincin wata guda ya tafi.

Gizo ya zo yana murmushi. "Gwaggo, kin ga aiki ko? Babu sauran fura?"

Bushiya ta dube shi sama da ƙasa.

"Fura? Kai ɗan nan, ba ka da kunya? Ranar kasuwa za ka tsaya a tsakiyar jama'a, ka faɗa da bakinka cewa ka ci tuwon gayya ka kwanta, ka ba ni haƙuri kowa yana ji. Kuma a durƙushe, da gwiwoyinka takwas. Ko ɗaya ban yafe ba."

To kun ji, yara. Tunanin da bai kai hannu ga lauje ba, lalaci ne ya sa babbar riga. In aiki ya yi muku yawa, ku jera shi, ku kama na farko, in ya ƙare ku kama na biye.

Ƙungurus kan kusu, nan ta tsaya.