Uwar da Ta Ce Kumburin Ƙiba Ce

Akwai wata mata a ƙauyenmu da ke kan dutse, sama da garin Pantasma, ana kiranta Doña Eufemia. 'Ya'ya tara ta haifa, kuma ba za ka zauna da ita minti biyar ba ka ji wannan labari ba. Na shidan ma, in ji ta, a gonar kofi ta haife shi, ta yanke cibiya da adda, washegari ta koma tsinka. Ko gaskiya ne ko da ƙarin gishiri, oho. Mu dai mun ji har kunne ya gaji.

Autarta Yahoska ta dawo gida da ciki wata takwas, don mijinta ya tafi aikin gini Kosta Rika. Kofi kuwa ya nuna jajir, in aka yi jinkiri zubewa zai yi.

Mai tsinkar kofi a ƙugu yake ɗaura kwando. Cikin Yahoska ya yi gaba, kwando ya ƙi zama. Uwar ta sauko da igiyar ƙasan mara, ta ja ta ƙulle tamau.

"Mama, yana danne min yaron."

"Yaron da ke cikin ruwa me zai danne shi? Ragwanci ne kawai, irin na dangin ubanki."

Ƙafafun Yahoska suka kumbura har takalmin roba ya daina shiga. Wannan ba baƙon abu ba ne ga mai tsohon ciki. Amma sai kumburin ya hau hannu, ya hau fuska, idanu suka ƙanƙance.

Uwar ta ce, "Ƙiba ce. Shinkafa da waken da kike narka min, ina kike so su tafi?" Har maƙwabta take kira su zo su ga kwaɗon da take kiwo, a yi ta dariya, yarinya na sunkuyar da kai.

Ran nan Socorro, mai zagaya gidaje tana duba masu ciki, ta hawo da abin awon jini. Ta auna Yahoska, ta sake aunawa, fuskarta ta canza.

"Doña Eufemia, jininta ya hau sosai. Yau za ta sauka gidan jiran haihuwa, kusa da likita. Huhun yaron bai gama ƙwari ba, ita kuma jikinta ya fara gazawa."

"Socorro, ni na riƙe uwarki ranar da ta haife ki. Yau ke za ki koya min ciki? Gidan jira! Mata su baje kamar kaji ana dafa musu. A gama tsinka tukuna, sati biyu ne."

"Jinin ba zai jira sati biyu ba, Doña."

Yahoska ta ce a hankali, "Mama, kaina kamar zai tsage. Ina ganin ƙyalli-ƙyalli a idona. Tun jiya ma sau biyu kacal yaron ya motsa."

Wallahi a nan Doña Eufemia ta ji tsoro. Amma ga maƙwabta uku a tsaye bakin ƙofa sun kasa kunne. Ita da ta haifi tara ba ta taɓa ganin likita ba, a ce 'yarta ce ta je ta kwanta ana jinya? Da wane baki za ta ƙara magana a ƙauye?

Sai ta ce, "Wuri ne ya yi masa kaɗan. Sha ruwan ganyen lemo ki tashi."

Yahoska ta kalli Socorro, ta kalli uwarta, ta ɗauki kwando. Yarinya ce mai jin magana, abin da ya ci ta ke nan.

Kwana huɗu bayan haka, da hantsi, ana tsinka a gangare, Yahoska ta yanke jiki ta faɗi. Uwar ta daka mata tsawa ta tashi, kafin ta ga jikin yana jijjiga, ta taune harshe, jini da kumfa na fita. Maza huɗu suka sa ta a ragar lilo suka saɓa. Awa uku suka yi kafin su kai titi, Doña Eufemia na binsu a guje ba takalmi, tana kiran sunan 'yarta.

A asibiti aka yi aiki aka ciro yaro namiji, ɗan mitsitsi, aka sa shi a kwalba yana numfashi da ƙyar. Yahoska ba ta farfaɗo ba, rai ya yi halinsa.

Likitar, wata matashiya, ta zaunar da uwar, da takarda a hannu.

"Tun yaushe fuskarta ta kumbura?"

"Sati uku."

"Ta taɓa cewa kanta na ciwo?"

"Kullum."

"An ce mata ta zo gidan jira?"

"An ce."

"To wa ya hana ta zuwa?"

Doña Eufemia ta duba dama, ta duba hagu, ba wanda za ta nuna.

"Ni ce," ta ce. Likitar ta rubuta.

Darasi: Don ke kin haihu lafiya, ba ke kika iya ba, Allah ne Ya kiyaye. Idan mai tsohon ciki ta ce kanta na ciwo, ko fuska da hannu sun kumbura, ko motsin yaro ya ragu, a kai ta asibiti a ranar, kada girman kai ya sa a jira. Ku tura wa duk gidan da ke da mai ciki, musamman iyaye mata.