Alkyabba Mai Kamu Bakwai

An ce a cikin littattafan mutanen da akwai labarin wata mata ta birnin Rum, matar wani marini, wadda iyakar karatunta ta zana sunanta. Ta kira marubuci ta zaunar da shi, ta ce ya rubuta yadda ta faɗa, kada ya ƙara mata gishiri. Ga abin da aka samu a takardar.

Ni ce Tertiya, matar marigayi Galiyu marini. Na rasa mijin da muka yi shekara ashirin da shida tare, na rasa haƙora biyu a hannun dogarai. Na sami karofi mai rijiyar rini uku da sunana, da wani abu guda da zan faɗa a ƙarshe. Wanda ya ce na ci riba bai san Galiyu ba. Wanda kuma ya ce an cuce ni bai san ni ba.

A zamanin Sarki Orbanu dokar Rum ita ce, ba mai yafa alkyabbar shunayya sai sarki. Sojan Rum kuwa ba fuska suke bi ba, alkyabba suke bi. Duk wanda ya fito bakin majalisar dattawa da ita a kafaɗa, shi za su ɗaga wa mashi. Ruwan rinin daga dodon koɗin teku ake tatsarsa, kwando ɗari kafin a jiƙa kamu ɗaya, kuma sabon rini yakan yi kwana arba'in yana ƙarnin kifi. Mijina ne ke rina ta sarki, guda ɗaya kowace shekara.

Galiyu yana da wata al'ada. Kafin ya tsoma kowane yadi sai ya zare zare ɗaya daga bakinsa, tsawon yadin cif, ya rina su tare, ya ɗaure zaren a igiya cikin ɗakinmu. Yana yin haka ne don kada gobe mai kaya ya ce rini ya cinye masa tsawo. Sarki Orbanu dogo ne kamar giginya, alkyabbarsa kamu tara take ci. Zare goma sha biyu muke da su na sarki, duk kamu tara.

Ana saura wata biyu bikin zagayowar ranar hawansa sarauta, bayan mun riga mun kai ta bana, sai ga wakilin Waziri Kurtiyu da wani yadi, wai sarki yana son ta biyu, kuma a yi shiru da maganar. Galiyu ya auna, kamu bakwai. Ya rina, ya bushe. Ranar da wakilin ya zo karɓa, Galiyu, da bakin nan nasa da ba ya riƙe wasa, ya ce, “Af, tsufa ya fara cin Zaki ta ƙasa ne? Na ga ya ragu da kamu biyu.”

Wakilin bai yi dariya ba. Kwana biyu bayan haka aka tsamo gawar Galiyu daga rijiyar tsakiya. Mutumin da ya yi shekara talatin yana yawo a bakin rijiyar nan ko santsi bai taɓa ɗibarsa ba. Dogaran waziri suka zo rufe karofi, wai mace ba ta riƙe wurin sana'a sai da waliyyi. Na tsaya a ƙofa na ce sai dai su taka ni. Suka taka ni ɗin. Nan haƙorana suka tafi.

Da na gama kukan da zan yi, na zauna na dubi igiya. Waziri Kurtiyu gajere ne mai tumbi. Ban yi karatu ba, amma na iya awo.

To, a Rum wanda ya zargi babba ya kasa kawo shaida, daga kan Dutsen Maƙaryata ake turo shi. Kuma duk takardar da za ta kai ga sarki ta hannun waziri take bi. Sai na jira ranar kasuwa, ranar da sarki ke zama a fili yana jin kukan talakawa. Na naɗe igiyata a ƙugu na shiga layi.

Da aka zo kaina na durƙusa na ce, “Ranka ya daɗe, Zaki, ba ƙara na kawo ba. Haja na kawo, kuma sai an taya zan buɗe.”

Waziri yana tsaye a damansa, ƙamshin turare yana tashi daga jikinsa har yana sa fadawa atishawa. Ya ce, “Allah ya ba ka nasara, matar marinin nan ce. Takaba ta taɓa mata kai. A fitar da ita.”

Sarki ya ɗaga hannu. Ya ce, “Baiwar Allah, ba a cinikin biri a sama. Me kike sayarwa?”

Na ce, “Labari ne. Kafin alƙalami kawai nake so yanzu: a bar ni in kai ƙarshensa ba wanda ya taɓa ni. Farashi kuwa sai ka ga kaya.”

Ya ce, “An ba ki.”

Na ce, “An ce wani attajiri dogo yana da wakili gajere da ya amince wa ƙwarai, har makullan gida duk suna hannunsa. Wata rana wakilin ya je wurin masaƙi ya ce, ‘Maigidana yana son yadi biyu. Ba ni fari maras ado kamu tara, mafi araha da kake da shi. Ka kuma ba ni na alfarma, wanda ake shiga taro da shi.’ Masaƙi ya ce, ‘Shi ma taran zan yanka?’ Wakili ya tambayi kuɗin kamu ɗaya, ya ji tsada, ya dubi ƙafafunsa, ya ce, ‘Bakwai ya isa.’ Masaƙi ya yi dariya, washegari aka wayi gari babu masaƙi. To ranka ya daɗe, kai ne mai hukunta Rum. A cikin yadin nan biyu, wanne ne na maigida?”

Fadawa suka fara kallon juna. Sarki ya ce, “Farin ne nasa. Likkafani ne.”

Na ce, “Hukuncinka ya yi daidai. Yanzu ga kaya.”

Na kwance igiyar na shimfiɗa a gabansa, na miƙar da zaren ɗaya bayan ɗaya. Goma sha biyu suka tsaya kai ɗaya. Na goma sha uku ya gaza su da kamu biyu, ga shi sabo, launinsa na sarauta. Na ce, “Wannan wakilin waziri ne ya kawo yadinsa da sunanka.”

Sarki ya ce, “Ban aika a rina ta biyu ba.”

Waziri ya yi murmushi ya ce, “Zare ne fa, Allah ya ba ka nasara. Kowace tsohuwa tana iya tsoma zare a rini. Ina alkyabbar?”

Na ce, “Yallaɓai, ba sai na san inda take ba. Yau kwananta goma sha tara da fita daga rijiya, saura ashirin da ɗaya ta daina ƙarni. A aika mai hanci gidanka.”

Sarki ya juya ya dube shi, ya ce, “Kurtiyu, shekara goma sha biyu muna tare ban san ka da son turare haka ba.”

Kafin rana ta karkata aka zo da ita. A cikin rumbun albasa aka same ta, tare da wuƙaƙe shida da sunayen dattawa biyar da suka yi rantsuwa za su kewaye sarki a majalisa ranar biki, kamar masu kawo gaisuwa. Aka yafa wa waziri ita a gaban jama'a, ta zauna masa cif, ko ƙasa ba ta taɓa ba. Da ya sayi kamu tara, da Galiyu bai yi wasa ba, da ni ban yi awo ba, da yau shi ke zaune a kan gadon Rum. Mutum ya yi niyyar sace ƙasa guda, amma ya ji ƙyashin kuɗin kamu biyu. Masu hikima su riƙe wannan: mai cin amana yakan rufe manyan ƙofofi duka, ya bar wadda halinsa ke shiga da fita.

Da aka tafi da shi, sarki ya ce, “To Tertiya, na ga kaya. Na taya zinariya cikin mudu goma.”

Na ce, “Albarka.”

“Gida a kan tudun manya, da bayi.”

“Albarka. Wa zan yi hira da shi a can?”

“In aura miki ɗaya daga cikin hakimaina.”

“Ranka ya daɗe, wanda na samu ma sai da na yi shekara goma ina gyara shi. Albarka.”

Fadawa suka rufe baki suna dariya. Sarki ya ce, “To yanka da kanki.”

Na ce, “Abu uku. A ba ni Kurtiyu in tura shi rijiyar tsakiya da hannuna. A buɗe mini karofi da sunana, ba waliyyi. A kuma ba ni alkyabbar nan.”

Ya ce, “Na farko ba naki ba ne, ba nawa ba ne, na majalisa ne. Na biyu an ba ki. Na uku kuwa ƙona ta za a yi, don muddin tana nan wani gajeren zai yi mafarki.”

Na ce, “Ita ce aikin Galiyu na ƙarshe, kuma bai taɓa yin rinin da ya kai ta ba. Ba yafawa zan yi ba. Tulun tokar gawarsa, da muka ƙona bisa al'adar Rum, zan naɗe da ita.”

Ya ce, “Marini a cikin shunayya?”

Na ce, “Marinin da ya sa kake zaune, ranka ya daɗe.”

Ya daɗe yana shafa gemu. Sannan ya ce, “Da sharaɗi. A binne ta a gaban shaiduna, kada ido ya sake ganinta.”

Na so in ƙara ja, don har yau ina jin zafin na farkon nan da aka hana ni. Amma na san inda ciniki ke tsayawa. Rijiya uku da sunana, da alkyabba mai kamu bakwai a kan Galiyu. A kan haka na ce wa Sarkin Rum, “Na sallama.”