Birkin Ƙafar Hagu

An yi wani mutum a wannan tsibiri namu na manoman lemo, a kudancin Japan, wanda ya fi kowa iya tuƙin mota. Wannan ba ra'ayi ba ne. Na'ura ce ta auna, na'ura kuwa ba ta da dangi balle ta yi son kai. A wasan tseren motoci da ake yi ta intanet, sunansa ne a saman na kowa a lardin, har da mutanen birni.

Ba zan faɗi sunansa ba. Magidanci ne da ya haura arba'in, yana zaune da matarsa Natsuko da mahaifinsa, tsoho Genzo. Aikinsa tuƙa ƙaramar bas ta gidan da tsofaffi ke wuni. Da safe ya bi gida-gida ya kwaso su, da yamma ya mayar da su. A hankali yake tafiya da su, yana ji a ransa cewa duniya ta tauye masa baiwa.

In ya dawo, sai ya shige tsohon ɗakin ajiyar lemo. A can ya kafa kujerar tsere, da sitiyari, da totur da birki a ƙasa, da wani allo mai faɗi har ya lanƙwaso. Nan yake zama har a kira shi cin abinci, a sake kira.

"Direba, yau ina aka nufa?" in ji Natsuko daga bakin ƙofa. "Jamus? To ina tsarabar?"

"Ba za ki gane ba."

"Na gane mana. Kullum kana kan hanya, ba ka taɓa isa ko'ina ba. Taso, miya ta huce."

Ya 'yan uwa, ban zo in ce muku wasa haramun ne ba. Ku dai bi ni a hankali.

Masu wannan wasa sun gano cewa ɗauke ƙafar dama daga totur zuwa birki ɓata lokaci ne. Lokacin bai kai ƙiftawar ido ba, amma a wurinsu babbar dukiya ce. Don haka suke raba wa ƙafafu aiki: dama ta riƙe totur, hagu ta riƙe birki. Mutumin nan ya zauna ya koya wa ƙafarsa ta hagu wannan karatu da nacin da bai taɓa yi wa wani abu ba a rayuwarsa. Ta ƙi, ya matsa mata, har ta haddace. Ta kai in kwana ta ɓullo a allo, ƙafar kan riga tunaninsa sauka. Bas ɗin aikinsa mai canza giya da kanta ce, ba ta da kuloci, sai ya fara taka mata birki da hagu ita ma. Ta tsaya lafiya. Ya ɗauki wannan a matsayin hujja.

Daga nan ya fara duban yadda sauran mutane ke tuƙi, ya ga ashe duk jahilai ne. Babban jahilin kuma a gidansu yake kwana.

Tsoho Genzo ya doshi tamanin. Yana da wata 'yar farar a-kori-kura mai giyar hannu, da ita yake hawa gonarsa da ke can saman dutse, ta siririyar hanyar siminti mai kwana-kwana. Lasinsa mai zanen zinare ne, irin wanda ake ba wanda bai yi laifi a hanya ba. Gonar nan ita ce rayuwarsa, motar kuma ita ce ƙafarsa. Ba mai hawa can da buhun taki a kafaɗa, ba mai saukowa da akwatin lemo a ka.

A lokacin kuwa labarai sun cika da tsofaffin da suka taka totur a maimakon birki suka shige kantunan mutane. Hukuma na ta lallashin dattawa su mayar da lasinsu da kansu. Mutuminmu ya rungumi wannan kira hannu biyu.

"Baba, ƙafar tsoho ba ta da amana," in ji shi ana cin abinci. "Kai ya ce birki, ita ta tafi wani wuri. Masu bincike sun tabbatar."

"Masu binciken nan 'ya'yan wane gida ne?" in ji tsohon. "Sun taɓa hawa gonata?"

Mutuminmu bai tsaya a gida ba. Ya miƙe a taron manoma ya maimaita maganar, mahaifinsa na zaune a sahun gaba yana kallon ƙasa. Mutane suka gyaɗa kai. Wasu har suka tafa.

Wata rana da hantsi, gab da fara tsinkar lemo, ya shiga a-kori-kurar don ya matsar da ita daga bakin ƙofa. Ya san ta, a kan irinta ya koyi tuƙi yana saurayi. Ya ja ta kaɗan, ya zo tsayawa, sai ƙafar hagu ta sauka da kanta. A wannan motar, abin da ke ƙarƙashin ƙafar hagu kuloci ne. Motar ba ta tsaya ba. Ta gangara a hankali har ta je ta taɓa tankin ruwa. 'Yar ƙara ce kaɗan. Ba wanda ya gani.

Ya daɗe a zaune, yana riƙe da sitiyari.

Ya 'yan uwa, wane gargaɗi ne ya fi wannan sauƙi? Ba jini, ba asara, ba shaida. Abin da ake nema a wurinsa kawai ya shiga gida ya ce, "Baba, ashe tawa ƙafar ce ba ta da amana." Amma ta yaya, bayan ya yi lacca an tafa masa? Ya sauko ya goge tabon da babban yatsansa. Ya yi niyyar barin wasan har a gama tsinka. Sai wani mutumin birnin Osaka ya wuce shi a jerin gwanayen wasan. Sai ya koma kujera.

Tun daga ranar ya fara tsoron ƙafarsa. Yana zaune a kan tabarma, kyanwa ta gifta, sai ya ji ƙafar ta danna ƙasa ba da izininsa ba. Duk lokacin da ya ratsa tsakar gida sai ya kauda ido daga farar motar. Lemo kuwa na ta nuna a saman dutse, bai san halin da ake ciki ba.

Ranar da aka fara tsinka, ya ɗauki hutu don ya taimaka. 'Yan ƙwadago sun taru a tsakar gida. Tsohon ya fito, ya nufi kujerar direba, sai ya tsaya. Ya miƙo wa ɗansa makulli a gaban kowa.

"Ungo. Tunda tawa ta rasa amana, mu ga taka."

Aka yi dariya. Ya karɓa.

Hawa bai yi wuya ba, mai hawa ba ya buƙatar birki sosai. Da rana ta yi aka cika motar da akwatuna, suka kamo gangara, shi da mahaifinsa a gefe. Ya sa ta a ƙaramar giya, inji na riƙe da ita. A zuciyarsa yana ta nanatawa: dama, dama, dama. Kwanar farko ta wuce. Ta biyu ta wuce. Gumi ya jiƙa masa baya. Har ya fara jin cewa watakila ya tsorata kansa ne a banza.

A nan ne Fusae ta fito daga gonarta tana tura baro. Maƙwabciyarsu ce, tsohuwa da mijinta ya rasu, ita kaɗai take kula da bishiyoyinta.

Bai yi tunani ba. Ai don kada a yi tunani aka yi duk wancan karatu. Ƙafar hagu ta sauka da dukkan ƙarfinta. Kuloci ya raba inji da tayoyi, abin da ke riƙe da motar ya sake ta, ta kwaso da gudu da lodinta. Ya ƙara dannawa. Ta ƙara gudu.

"Birki ya tsinke!"

"Ɗaga ƙafarka!" in ji tsohon, ya fizgo birkin hannu.

Motar ta juya baya, ta daki baro, baron ya haɗa Fusae da katangar dutse. Akwatuna suka kife. Lemo ya dinga gangarawa yana tsalle, bai tsaya ba sai bakin teku.

Tsohon ne ya fara fita. Ya durƙusa kan Fusae, ya ga tana numfashi, idonta a buɗe, ƙugunta ya karye. Ya cire rigarsa ya lulluɓe ta. Daga sama ana jin muryoyin 'yan ƙwadago suna saukowa a guje. Ya dawo ya leƙa cikin motar. Har yanzu ƙafar ɗansa na kan kuloci. Ya dubi ƙafar, ya dubi mai ita.

"Sauko. Zagayo wannan gefen."

"Baba…"

"In aka rubuta sunanka, wa zai ƙara ba ka tsofaffi ka ɗauka? Zagayo, na ce."

Ya 'yan uwa, gaban ƙaramar a-kori-kura ba shi da faɗi. Mutumin da ya zagaya manyan filayen tseren duniya yana zaune a ɗaki, wannan ce tafiyar da za a tambaye shi a kanta. Ya sauko. Ya zagayo. Ya tsaya a gefen fasinja.

Da ɗan sanda ya zo, tsohon ya sunkuyar da kai ya ce, "Rikicewa na yi, na taka abin da ba shi ba." Ɗan sandan bai ko ɗago ba. Ya saba rubuta wannan magana daga bakin masu furfura.

Genzo ya mayar da lasinsa mai zanen zinare. Aka ba shi wata takardar shaida da rangwamen kuɗin tasi, a ƙauyen da babu tasi. Ya ɗauki kwalin alewa ya je asibiti, ya durƙusa a gaban gadon Fusae har goshinsa ya taɓa ƙasa.

Shi kuwa mutuminmu, daraja ta ƙaru. Duk inda ya bi sai a ce, "Ai kai ka faɗa. Da ya ji maganarka." Aka roƙe shi ya yi wa dattawa jawabi kan sanin lokacin ajiye tuƙi. Ya yi. An ce jawabin ya ratsa mutane, don har muryarsa ta yi rawa.

Fusae ta fito daga asibiti tana dogara ƙarfe. Gona ta fi ƙarfinta, zaman gida ita kaɗai ma ya fi ƙarfinta, sai aka sa sunanta a gidan wunin tsofaffi. Wa zai riƙa ɗauko ta?

Kullum da safe ya tsaya a ƙofarta, ya tallafo ta, ya zaunar da ita, ya ɗaura mata bel. Ta zaɓi kujerar da ke bayansa ta gefe, inda ake hango ƙafafun direba. Ta gan shi riƙe da sitiyari ranar hatsarin, ya sani. Ta san ya sani. Ba ta gaya wa kowa ba. Tana gaishe shi, tana yi masa godiya, tana ba shi alewa daga jakarta. Shi kuma yana duban madubi fiye da yadda yake duban hanya, yana jiran ranar da za ta tona. Abinci ya daina shiga. Ya rufe ɗakin wasan da kwaɗo, amma ƙafar ba a ɗakin take ba.

Wata safiya sun kamo gangaren da ke saukowa tashar jirgin ruwa, bas cike da tsofaffi, sai ta yi magana a hankali.

"Ɗan Genzo."

"Na'am, Gwaggo."

"Bi a sannu. Yau babu babanka a gefe."

Sauran tsofaffin suka yi dariya, a zatonsu tsohon take yi wa shaguɓe. Shi kuwa ya gangara gefen hanya ya tsaya. Ya ja birkin hannu. Ya ɗauke ƙafafunsa biyu ya naɗe su ƙarƙashin kujera, ya kasa mayar da ko ɗaya. Sai da aka turo wani direba.

Bai sake tuƙi ba. Yanzu yana wurin tantance lemo, a tsaye yake wuni, yana ware manya da ƙanana. Natsuko ta daina tambayarsa tsaraba. Takan ajiye masa abinci ta tashi. Aikin da tsohon ya saya masa da sunansa ya tafi, sunan kuma bai dawo ba. Tsibiri ƙarami ne, yau kusan kowa ya san wanda ke riƙe da sitiyari a ranar, kuma ba wanda zai faɗa. Shi ma ya san sun sani. A haka yake gaisawa da su.

Ya 'yan uwa, ina laifin yake? Ba a allo yake ba. Girman kai ne ya sa shi ganin aibin ƙafar mahaifinsa kafin tasa. Girman kai ne ya goge tabon tanki da yatsa. Shi ne kuma ya zagaya da shi gaban mota. Kowannenmu yana da ɗakin da yake shiga ya rufe, yana koya wa ido, ko harshe, ko hannu wani abu, yana cewa ai nan kawai ne. Gaɓa ba ta san ɗaki ba. Ranar da abu ya ɓullo a kwana, ba za ta tsaya neman shawararka ba, abin da ka koya mata shi za ta yi. Mun kuma san akwai ranar da za a rufe baki, ƙafafu su faɗi inda suka je. A ranar wa zai ce maka zagayo wannan gefen?

Tsoho Genzo yana nan. Saman gonarsa ya bar wa aladun daji, ƙafa ba ta kai shi can. Kullum da sassafe yakan kama hanyar simintin da almakashinsa a ƙugu, yana tafiya yana hutawa. Kafin ya isa tasa gonar, yakan ratse ta Fusae ya gyara mata bishiyoyi. In mai mota ya wuce shi, sai ya sauke gilashi ya ce, "Sannu Baba. Ai gara da ka ajiye tuƙin nan."

"Gara," in ji tsohon. Ya matsa gefe, motar ta wuce.

Allah ya kiyaye mu daga abin da muke koya wa gaɓoɓinmu a ɓoye. Allah kada ya sa iyayenmu su ɗauki kayan da mu muka ɗaure. Amin.