Aganeta, Matar da Ba Ta Rantsuwa

"Ga ta nan, ga ta nanku, ku da kuka cika mini tabarma."

"Ta zo mu ji ta, Iya."

To, ku gyara zama. Ta yau ba ta dariya ba ce.

An yi wata mata, wata baiwar Allah, a wani ƙauye can ƙasar sanyi, tun zamanin da keken doki ne motar kowa. Sunanta Aganeta. Mutanenta Kiristoci ne na wata ɗarika da ake kira Menonayit. Manoma ne, ba ruwansu da ado, ba ruwansu da faɗa. In ka mare su ba sa ramawa, in ka ci musu iyakar gona ba sa kai ka ƙara. Sai kuma abu guda da nake so ku riƙe, domin a kansa labarin yake: ba sa rantsuwa. A wurinsu in mutum ya ce i, to i ce. In ya ce a'a, a'a ce. Ba a tokare ta da komai.

Aganeta ba wata fitacciya ba ce. Riga baƙa, ɗan farin kallabi, hannu duk ya yi kanta saboda aiki. Ta haifi bakwai, ta binne biyu. Tun asuba tana ƙarƙashin saniya, ta tatsa, ta kaɗa, ta cire mai, ta gasa burodi, ta shiga lambu. Da yamma mijinta Korniliyus ya karanta musu littafinsu, su yi waƙar yabon Allah ba ganga ba kiɗa, su kwanta. Shekara ashirin da biyar haka.

Suna da maƙwabci, Baltaza, wanda ba ɗan ɗarikarsu ba ne. Mutum ne mai zafin rai, shingensa kuma a karye yake. Wata rana shanunsa suka shiga alkamar Korniliyus suka yi ɓarna. Korniliyus ya je ya yi masa magana a hankali.

Baltaza ya ce, "To, ka kai ni ƙara mana. Au, na manta, ku tumaki ne." Ya sa yatsa ya ture masa hula ƙasa.

Korniliyus ya ɗauki hularsa ya kaɗe, ya koma gida. Amma babban ɗansu Didirik, saurayi ɗan shekara goma sha tara, bai iya haɗiyewa ba. Ana cin abinci ya ce, "Wata rana sai na cinna wa rumbun mutumin nan wuta."

Uwar ta ce, "Mayar da maganar nan inda ka ɗauko ta." Ba wanda ya ji sai mutanen gidan.

Ku saurara. A ƙasar nan ƙanƙara takan rufe ƙasa wata huɗu, dabba ba ta samun ko tsinke a waje. Don haka kowa yana da ƙaton rumbun katako da yake cikawa da busasshiyar ciyawa. Rumbun nan shi ne ran garke.

Kwana takwas da wannan magana, da rana tsaka, rumbun Baltaza ya kama da wuta, ya ƙone ƙurmus. Baltaza ya ce ba kowa ba ne sai ɗan Korniliyus. Aka zo aka tafi da Didirik.

Alhali ranar nan Didirik yana tare da uwarsa a garke, wata saniya na naƙuda mai wuya. Uban ya tafi niƙa da sauran yaran. Shaida ɗaya ke nan a duniya: uwa.

Aka je gaban alƙali a birni. Aka miƙo wa Aganeta littafinsu mai tsarki.

Alƙali ya ce, "Ɗora hannunki ki rantse."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ba na rantsuwa. Ka tambaye ni, zan faɗa maka gaskiya."

"Maganar uwa a kan ɗanta dama ba ta da nauyi. In babu rantsuwa kuma, ta fi auduga sauƙi. Amma bari in ji. Ina yake ranar gobarar?"

"Yana tare da ni a garke, tun hantsi har muka hango hayaƙi."

"Bai fita ba ko sau ɗaya?"

'Ya'yana, wa ya gani? Babu. Da ta ce a'a, shi ke nan. Ta dubi tafin hannunta, ta ce, "Ya fita sau ɗaya. Ya jawo ruwa guga biyu a rijiya ya dawo."

"Kin taɓa jin ya yi wa maƙwabcinku barazana?"

Wannan ma wa ya ji? Ta ce, "I. Ya ce zai ƙone rumbun. Na tsawata masa. Bai ƙone ba."

Alƙalin ba mugu ba ne, ya tsaya yana kallonta. Ya ce, "Baiwar Allah, kin san laifin nan shekara bakwai ne? Ki rantse bai yi ba, in ba ki shi ku tafi gida yau. In kin ƙi, yana tsare har zaman da za mu yi bayan girbi."

Didirik ya ce, "Inna, kalma ɗaya ce fa. Gaskiya ce kuma za ki rantse a kai."

Ta ce, "Na sani, ɗana." Ta juya wajen alƙali. "Ranka ya daɗe, na yi wa Allah alkawarin wannan tun ina budurwa. In na rantse yau don a yarda da ni, to duk abin da na faɗa shekara arba'in ba rantsuwa, mene ne shi?"

Aka wuce da Didirik. Bai waiwayo ba.

A keken doki suna komawa, da suka hango ƙauye sai Korniliyus ya juyo wajenta. Ya ce, "Uwar Didirik, da ni ne, ban san abin da zan yi ba."

Ta ce, "Ni ma ban sani ba sai da na ji bakina ya faɗa."

Kada ku ɗauka zuciyarta dutse ce. Kullum sai ta jera kwano bakwai, sannan ta tuna ta ɗauke ɗaya. Ta rame. Wata rana ta tatsi saniya guda sau biyu ba ta sani ba. Amma ba ta fasa komai ba, ba a kuma ji ta ambaci Baltaza da mugun baki ba.

To, mutanen nan suna da wata al'ada. In rumbun wani ya ƙone, nasu ne ko ba nasu ba, sai su yi masa gayya su kafa sabo, kowane gida kuma ya kawo ciyawa cikin keken doki guda. Sanyi ya kusa, shanun Baltaza za su mutu. Dattawa suka sa rana.

Wata ƙawarta ta ce, "Ke kam ba sai kin je ba. Kowa zai fahimta."

Aganeta ta ce, "Shanun ne suka kai ƙara?"

Ta gasa burodi goma sha biyu, ta tafi. Ta zuba wa maza abinci, ta zuba wa Baltaza, ya karɓa kansa a ƙasa. Da la'asar rumbu ya tsaya, aka fara shigar da ciyawa. Tana wucewa da tulu, sai ta cusa hannu cikin ciyawar wani keke har gwiwar hannu, yadda ta saba yi a gida ba tare da tunani ba. Ta ce wa masu lodin, "Wannan kada ku shigar. Da sauran danshi. Ku baza ta kwana biyu a rana. Ciyawa in an danne ta da danshi, zafi take tarawa a ciki har ta kama da wuta da kanta."

Ba da kowa take ba. Amma Baltaza yana bayanta.

Shi ya san abin da ya yi. Da hadari ya taso masa lokacin yankan ciyawa, sai ya kwashe ta ɗanya-ɗanya ya tura rumbu. Ya kwana uku yana jin wani wari kamar na taba yana fitowa, ya share. Da wuta ta tashi, ya ga ɗora wa ɗan maƙwabci laifin ya fi sauƙi a kan ya ce wa matarsa shi ne.

Ya bi ta har bakin rijiya. Ya ce, "Maƙwabciya, ɗanki ne ya ƙone mini rumbu?"

"A'a."

"Kin faɗa wa alƙali abu biyu da suka ɗaure shi. Ba wanda ya san su sai ku 'yan gida."

"Tambayata aka yi."

"Da kin yi shiru, da na ce uwa ce take kare ɗanta, in yi barcina. Tun ranar nan ban yi barcin kirki ba. Matar da ta faɗi waɗancan biyun, na ukun ma gaskiya ne."

Ta ce, "Riƙe mini tulun nan in ja ruwa. Mutane na jin ƙishi."

Ya riƙe. Washegari ya ɗaura wa dokinsa sirdi, ya tafi birni, ya faɗa wa alƙali zancen ciyawar da bakinsa.

To, kun ji. Mu ba a can muke ba, al'adarsu daban, tamu daban, ban kuma ce ku ƙi rantsuwa in shari'a ta nema ba. Amma ku dubi bakinmu. A kan kuɗin tumatir, wallahi. A kan wa ya sha furar da aka ajiye, wallahi tallahi. Mun mai da sunan Allah gishirin zance, har ya zama in mutum bai rantse ba ba a yarda, in ya rantse ma sai an bincika. Wannan mata ba ta da abin tokare maganarta sai halinta, shi ya sa ba ta bar shi ya tsage ba, ko a ranar da gaskiya ta juyo ta sari ɗanta. Wanda yake faɗin gaskiyar da ke cutar da shi, shi ake yarda da shi ranar da ya faɗi wadda za ta cece shi. Ku gyara i ɗinku tun a kan ƙaramin abu. Ba ranar shari'a ake fara gina ta ba.

"Iya, to ina suka ƙare?"

An saki Didirik bayan kwana arba'in da bakwai. Ya shekara bai yi wa uwarsa doguwar magana ba, daga baya ya koma birni ya zama kafinta, yana zuwa gida lokacin girbi. Baltaza bai shiga ɗarikarsu ba, amma ya gyara shingensa. Korniliyus ya riga ta rasuwa da shekara shida. Ita kuwa ta ci gaba da tatsar shanunta har ƙarfinta ya ƙare, ta rasu tana da saba'in da huɗu, aka binne ta kusa da 'ya'yanta biyu. Didirik ne ya yi akwatin gawarta, Baltaza ya kama kusurwa ɗaya.