Gada da Dangar Lambu

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo, mun kasa kunne.

Gada ta shiga lambu cin yakuwa, sai ga haushin karnuka. Ta ruga gindin danga ta yi tsalle, ƙirjinta ya bugi ƙaya.

Kwaɗo ya leƙo ya ce, "Yaya Gada, tsallenki ya fi nawa tashi sama, amma kowane tsalle a tsakiyarsa yake ƙure tsayi. Ja da baya, ki sa dangar a tsakiya."

Ta ce, "Baya? Wajen karnuka?"

Ya ce, "Can ɗin."

Ta ja har ta ji hucinsu, ta tashi, sai ga ta waje.

Shi ya sa har gobe, in gada ta je shan ruwa, sai ta duba ƙasa, kada ta taka jikan Kwaɗo.

Ƙurunƙus, tatsuniya ma ta tsallake.