Awon Kan Hakimi

Wai wani hakimi ne ya auna kansa da zare har sau bakwai, bai cire rawani ba, ya aika wa Jatau maɗinki awon ya ɗinka masa hula. Da Jatau ya kawo hula, hakimi ya sa, ta haɗiye shi har haɓa.

Daga cikin hular ya daka tsawa: "Sau bakwai na auna, duk awo ɗaya! Awona ba kuskure. Ka sa ta zauna mini daidai, kada ka rage ta, ko ka sha bulala!"

Jatau ya ce, "Ranka ya daɗe, awo daidai, hula daidai. Ashe kan ne ya gaza. A miƙo mini taɓarya, yanzu zai kumbura ya cika awon."

Can sai hula ta ce, "Jatau, zo ka sake aunawa."